Idan naku yana shan maganin barci, ku lura da safiyarsa

Yayana tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Kafin ciwon taɓin hankali ya same shi, sau ɗaya yake auna mutum. Bayan shekara ka dawo da sabuwar shadda, zai yanka maka riga bai ɗauko tef ba. Ranar da na tabbata akwai matsala, sau uku ya tambaye ni tsakanin Asuba da hantsi ko an kawo koko, alhali kofin yana gabansa, ya riga ya shanye. A safiyar nan kuma ya karanta Tabaraka daga farko har ƙarshe, ko aya ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Mma, mahaifiyarmu, ta ce ai ciwon ne, haka yake cinye mutum. Ni ma haka na ɗauka wata da watanni. Ashe kaso mai yawa na mantuwar daga ledar da ke ƙarƙashin matashinsa take fitowa, kuma mu da hannunmu muka cika ledar.

Ga yadda aka yi. Da aka sallame shi daga asibiti, likita ya rubuta masa allurar wata-wata ta ainihin ciwon, da Artane saboda sandarewar jiki da rawar hannu da allurar kan jawo, da Valium na mako biyu don ya samu barci. Mako biyu ya cika, Valium ya ƙare, Yaya ya kwana idonsa biyu. Hankalin kowa ya tashi, domin da rashin barci ciwon ya fara tun farko: dare uku yana kan keken ɗinki yana amsa wa muryoyin da mu ba ma ji. Washegari na ɗauki fankon kwalin na nuna a wani shagon magani, aka sayar mini. Haka na yi ta sayowa har wata goma sha huɗu. A tsakani wata maƙwabciya ta kawo Phenergan, ta ce yana ƙara nauyin barci, muka ƙara. Gida ya yi tsit da dare, muka ce Alhamdulillahi, sauƙi ya samu.

Ni ba likita ba ce, atamfa nake sayarwa a Kejetia. Abin da zan faɗa a bakin nas da likitan da suka taimake mu na koya, da kuma takardun cikin kwali da na sa ɗana ya riƙa karanta mini. Na rubuta ne don 'yan gidan da ke da irin namu, domin a Zango kusan kowace unguwa akwai gidan da ke jinyar wani a ɓoye.

Ku fara da zazzage komai a kan tabarma ɗaya. Abin da asibiti ya bayar, abin da aka sayo a shago, maganin mura da tari, na ƙaiƙayi, na ciwon jiki, jiƙe-jiƙen gargajiya, har da kwalbar da wani aboki ya kawo ya ce tana ƙara ƙarfi. Ku duba aljihu da akwatin keken ɗinki ko wurin sana'arsa, amma da saninsa. Kowane ɗaya ku rubuta sunan da ke jikin kwalin harafi da harafi, da lambar ƙarfinsa, da lokacin da yake sha, da wanda ya bayar. Kada ku dogara da launi. A gidanmu "shuɗiyar" da "farar ƙarama" muke cewa, kuma kamfanoni daban-daban sukan yi magani ɗaya da launi daban, ko magani daban da launi ɗaya. Ranar da na yi wannan lissafin, abubuwa biyar na ƙirga, uku daga ciki duk suna danne ƙwaƙwalwa.

Sai ku gane dangin kowane magani, domin ba hanya ɗaya suke taɓa tunani ba.

Dangin farko shi ne na Valium, wanda a kwali za ku ga an rubuta diazepam. 'Yan uwansa su ne Lexotan da Ativan da Mogadon. Tsohon magani ne, tun 1963 yake kasuwa, kuma yana da amfani ƙwarai idan mutum ya birkice ko yana jijjiga. Aikinsa shi ne ƙarfafa wani sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda yake kamar birki. Birkin nan ba ya zaɓe. Yadda yake kwantar da fargaba ya kawo barci, haka yake rage wa ƙwaƙwalwa ikon ajiye sabon abu. Abin da ta riga ta ajiye tun da daɗewa yana nan, shi ya sa Tabaraka ba ta goge ba, amma kokon da aka sha ɗazu bai samu shiga ba sam. Wannan bambancin shi ne babbar alamar da za ku nema: tsohon karatu lafiya lau, maganar safiya kuwa ta bi iska.

Diazepam kuma yana da wani hali da ban sani ba sai da nas ta zana mini a takarda. Kafin rabin ƙwaya ɗaya ta bar jiki, sai ta yi kwana ɗaya ko biyu. Hanta kuma tana juya shi zuwa wani sinadarin da shi ma yake sa barci, wanda ya fi shi daɗewa. To mai sha kowane dare, na jiya bai fita ba an zuba na yau, kamar randar da ake ƙara wa ruwa ba a kwashe na ciki ba. Mu muna cewa maganin dare ne, jikinsa kuwa dare da rana yana ɗauke da shi. A jikin tsofaffi ya fi haka daɗewa, kuma su ne ke faɗuwa a hanyar banɗaki ko wurin alwalar Asuba su karya ƙugu. Saboda haka ne ƙa'idar likitoci ta ce a ba da shi don barci na ɗan lokaci kawai, mako biyu zuwa huɗu. Bayan nan jiki yakan saba, barcin da yake kawowa ya ragu, a fara neman ƙari.

Dangi na biyu ya fi ɓoyewa, domin ba kowa ke kiransu maganin barci ba. Artane, wanda ake rubutawa trihexyphenidyl ko benzhexol, yana ciki. Haka Phenergan da Piriton, da amitriptyline da ake bayarwa don ciwon damuwa ko ciwon jijiya, da Largactil. Su waɗannan suna toshe wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwa ke bukata wajen mai da hankali da riƙe abu. Jiki yakan tona asirinsu. Baki yana bushewa har mutum ya riƙa yawo da ruwan leda, bayan gida ya yi wuya, rubutu na kusa ya koma dishi-dishi, fitsari ya riƙa fita da ƙyar, musamman ga dattijo. Yaya ya daina iya zura zare a allura, muka ce tsufa ne, mutumin da bai kai arba'in da biyar ba. Suna kuma rage zufa, abin da ke da haɗari a zafin Fabrairu da Maris ga mai aiki a shagon kwano. Ɗaya kaɗai a hannun likita ba laifi ba ne, sau da yawa ma dole ne. Tara biyu ko uku a jiki ɗaya shi ke jefa mutum cikin hazo, kuma Phenergan ɗin da muka ƙara a kan Artane abin da ya yi ke nan.

Akwai sababbin ƙwayoyin barci irin su zolpidem da zopiclone da ake cewa sun fi sauƙi. Sun fi saurin barin jiki, gaskiya ne, amma su ma suna sa mantuwar abin da ya faru bayan an sha. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rage wa mata zolpidem daga miligiram 10 zuwa 5, saboda da safe yana nan a jininsu har ya shafi tuƙi. A 2019 ta ƙara gargaɗi mai ƙarfi kan masu tashi cikin barci su yi tafiya ko girki ko tuƙi ba su sani ba. Wanda ya taɓa yin haka ko sau ɗaya, a gaya wa likita a ranar.

Da kun san abin da yake sha, sai ku sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Wannan littafin ya fi duk bayanin da na taɓa yi da baki amfani. Kowace rana layi huɗu ko biyar ya isa: ƙarfe nawa ya sha magani, ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, da yadda safiyarsa ta kasance. A nan ku tsaya da kyau, domin mu masu jinya dare muke ƙirgawa. Idan ya kwana bai tashe mu ba, mun ce an yi nasara. Ku duba ko ya iya tashi sallar Asuba da kansa. Ku duba ko yana tangaɗi, ko harshensa yana nauyi, ko yana rikita raka'a fiye da yadda ya saba, ko an aike shi ya dawo hannu wofi, ko ya maimaita tambaya. Ku rubuta abin da ya faru daidai yadda ya faru. "Ya manta" ba ta gaya wa likita komai. "Ranar Talata ya yanka yadin mutum da awon wani" tana gaya masa da yawa.

Akwai ɗan gwajin da likitoci ke yi, su faɗi abubuwa uku, bayan minti biyar su tambaya. Za ku iya yin irinsa a gida, sai dai a kiyaye mutuncin mutum. Babba ne, ba ɗan makarantar allo ba, kuma ciwon ya riga ya rage masa ƙima a idon wasu. Ni cewa nake yi, "Yaya, don Allah riƙe mini, zan sayo gishiri da sabulu da albasa, kada in manta." In na gama ɗaura ɗankwali sai in ce, "Yaya, me da me na ce?" A farkon littafin ɗaya yake kawowa, wani lokaci ko ɗaya babu. Sau biyu a mako ya isa, kuma a riƙa sauya abubuwan.

Bayan mako biyu, ku ɗauki littafin da ledar gaba ɗaya ku koma wurin wanda ya rubuta maganin, ko da ranar da aka ba ku ba ta zo ba. Ba sai an je Pantang ko Ankaful ko babban asibitin masu taɓin hankali na Accra ba. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma asibitocin gwamnati da dama suna da nas-nas da aka horar kan wannan fanni. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012, mai lamba 846, ta tanadi haƙƙin marar lafiya a yi masa bayanin maganin da ake ba shi, saboda haka tambaya ba rashin kunya ba ce. Idan Turanci ko Twi ɗinku bai kai na maganar asibiti ba, ku tafi da wanda ya iya. Na sha ganin iyayenmu suna gyaɗa kai a gaban likita, a fito waje su tambaye ni me ya ce.

Ku faɗi gaskiya duka. Wannan ne ya fi mini nauyi. Na zauna na ce wa likita ni na riƙa sayo Valium wata goma sha huɗu ba da takardarsa ba. Da na ɓoye, da sai ya ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, wataƙila ma ya ƙara ƙarfin allurar. Ku tambaye shi kowace ƙwaya don me ake shanta, har zuwa yaushe, wacce a ciki ta fi taɓa tunani, ko akwai wadda za a iya ragewa, ko a mai da ta safe zuwa dare. Ku roƙi a rubuta muku amsar. Shi ma marar lafiyar a bar shi ya yi magana da bakinsa. Yaya ne ya ce wa likita, "Ji nake kamar an naɗe mini kai da bargo." Mu a gida bai taɓa faɗa mana haka ba.

Yanzu ga abin da nake roƙonku da girman Allah: kada wanda ya karanta wannan ya je ya kwashe maganin ɗan uwansa ya zubar. Jikin da ya saba da dangin Valium, idan aka yanke masa rana ɗaya, yana iya kamuwa da rawar jiki da zufa da fargaba mai tsanani da ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda kan iya kisa. Artane ma in an cire shi kwatsam, sandarewar jiki tana dawowa. Ainihin maganin ciwon kuwa, allura ce ko ƙwaya, ba a taɓa shi don an ga mantuwa. Ciwon kansa yana cin tunani, kuma kowace dawowarsa tana barin nata tabon. Likita ne zai raba wace mantuwa ce ta magani, wace ce ta ciwo.

Ragewa a hankali ake yi, ɗan kaɗan duk mako ɗaya ko biyu, a tsaya a ga yadda jiki ya karɓa. Namu ya ɗauki wata huɗu. Phenergan aka fara cirewa, sannan aka shiga rage Valium, daga baya aka rage Artane. Ku shirya wa dare biyu ko uku marasa daɗi bayan kowane ragi. Barci yakan gudu na ɗan lokaci, kuma wannan shi ne ramin da muka faɗa tun farko: daren nan ɗaya da ya kwana a farke bayan mako biyu, jiki ne ke neman abin da ya saba, mu kuwa muka ɗauka ciwon ne ya dawo. Yadda nas ta koya mini rarrabewa shi ne, mai neman barci ya rasa yakan wayi gari a gajiye yana ƙorafi. Wanda ciwon ke shirin tasowa kuwa, barcin awa biyu zai yi ya tashi garau, surutu ya ƙaru, ya shiga manyan shirye-shirye ko zargin mutane ko jin muryoyi. Irin wannan ba a jira da shi, a ranar ake komawa asibiti.

Maganin ya koma hannun mutum ɗaya a gidan, a kulle, a ba da na dare ɗaya kawai. Dalili biyu ne. Mai mantuwa yana iya sha ya manta ya sake sha. Sannan amitriptyline in an sha da yawa yana tsayar da zuciya, ga yara a tsakar gida, ga kuma ranar da baƙin ciki zai iya rinjayar marar lafiyar.

Abubuwa biyu ba sa haɗuwa da waɗannan magunguna ko kaɗan: giya da tramadol. Na san za a ce gidan Musulmi ne, amma wasu kwalaben maganin gargajiya masu ɗaci da ake sayarwa a tasha da giya ake jiƙa su, kuma kowa ya san yadda tramadol ya shiga cikin samarinmu. Haɗa su da dangin Valium yana rage numfashi har mutum ya wuce cikin barci. Maganin tari mai kodin ma haka. Mai tuƙa pragya ko babur ko tirotiro, ko mai aiki da injin yanka a Suame Magazine, ya tambayi likita kafin ya koma aiki. Idan kuka tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya ruɗe farat ɗaya bai san inda yake ba, ko jijjiga, ko zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, ku kira 112 ko ku ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ledar maganin a hannunku.

Ragin ba zai yiwu ba sai an gyara barcin ta wata hanyar, kuma a nan gida ke da babban aiki. Mu Asuba muka riƙe. Ko yaya daren ya kasance, lokacin tashi ɗaya ne, kuma ba komawa gado bayan salla. Sai ya fita ya sha rana, ya taka zuwa wurin mai koko da ƙosai ya sayo da kansa. Ƙailula bayan Azahar ba ta wuce rabin awa. Abin da ya fi wuya shi ne majalisar ataya. Yaya yana zama da abokansa bayan Isha'i, kofi uku na shayi mai kauri, ga goro a baki. Sinadarin da ke hana barci a shayi da goro da Nescafé, bayan awa biyar rabinsa yana nan a jiki. Wato muna ba shi abin farkarwa ƙarfe tara, mu ba shi abin kwantarwa ƙarfe goma. Ban hana shi majalisa ba, domin ita ce kaɗai wurin da ake ɗaukarsa kamar kowa. Na je na sami babban abokinsa na roƙe shi, suka riƙa dafa masa na citta da kanumfari daban, goro kuma ya tsaya daga La'asar.

In ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ya tashi ya zauna a tabarma da carbi cikin haske kaɗan, ba waya, sai ya ji barcin ya zo ya koma gado. Ku saurari minsharinsa kuma. Wasu magungunan ciwon, irin su olanzapine, suna sa ƙiba, kuma mai ƙiba da ke minshari yana yankewa kamar an shaƙe shi yana iya zama numfashinsa ne ke tsayawa cikin barci. Wannan da kansa yana kawo mantuwa da gyangyaɗin rana, ƙwayar barci kuma ƙara shi take yi. Kafin azumi ya kama, ku je a tsara muku lokutan sha tsakanin buɗa baki da sahur, kada ku haɗa na safe da na dare da kanku. Addu'a da ruƙiyya ba mu taɓa bari ba, sai dai duk abin da za a sha, ko daga hannun wa ya fito, yana shiga littafin.

A wata na uku na ragin, na ce masa gishiri da sabulu da albasa, ya kawo duka ukun, ya ƙara da cewa ashana ma ta ƙare. Bai koma yadda yake kafin ciwon ba. Har yanzu in mutum biyu suna masa magana lokaci ɗaya yakan rikice, kuma likita ya ce wannan ɓangaren na ciwon ne. Amma ya koma shago, yana zura zarensa da kansa, awon kowa kuma yana rubuta shi a babban littafi da na sayo masa a Kejetia, suna da kwanan wata. Ƙaramin littafin nawa yana nan, na uku ke nan muna ciki, kuma ranar allurarsa ta wata mai zuwa da shi za mu tafi, domin akwai sauran rabin ƙwayar Artane da likita ya ce zai duba ko za a iya cirewa.